Lambar da ke Murfin Tanki: Me Okten ke Saya wa Motar Gudu?

A cikin murfin tankin kusan kowace motar gudu akwai wata 'yar takarda da aka manna, ɗauke da lamba: 91, ko 93, ko 95, ko 98. Mai motar yakan gan ta duk ranar da ya je shan mai, amma da wuya ya tsaya ya tambayi abin da take nufi. Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne lambar ma'aunin ƙarfi ce, wato fetur mai 98 ya fi mai 91 kuzari, kamar yadda fura mai nono ta fi farau-farau riƙe ciki. Daga wannan fahimta ce wata kasuwa ta tsiro: man alfarma mai tsada a ƙasashen da ake sayar da shi, da kwalabe masu launin ja da ruwan zinariya da aka jera a kantunan gidajen mai, kowace tana alkawarin ƙarin gudu, da rage shan mai, da tsawon ran inji.

Fahimtar kuskure ce, sai dai kuskure ne mai 'yar gaskiya a cikinsa, shi ya sa ya ƙi mutuwa. Okten ma'aunin haƙuri ne. Yana auna yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya kama wuta da kansa ba. Ko wannan haƙuri zai rikiɗe ya zama ƙarfi, injin ne ke yanke hukunci, kuma ya riga ya yanke shi tun a masana'anta.

A cikin silinda, fistin yana hawa sama ya matse cakuɗen iska da tururin fetur cikin ɗan ƙaramin wuri, sannan fulogi ya ƙyasta. Wutar tafiya take yi daga bakin fulogi zuwa gefe, kamar gobarar daji a busasshiyar ciyawa, duk da cewa tafiyar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Yayin da take tafiya, tana ƙara matse sauran cakuɗen da bai ƙone ba a lungunan silinda, tana ƙara masa zafi. Idan wannan ragowa ya kasa jira, ya tashi da kansa kafin wutar ta iso shi, sai a samu fashewa ta gaske: matsi ya yi tsalle, ya riƙa kai-komo yana dukan bangon silinda da kan fistin sau dubbai a daƙiƙa guda. Ƙarar da ke fita, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, ita ce ƙwanƙwasa. Kada a haɗa ta da abin da kanikawa ke nufi idan suka ce inji ya buga. Wannan yawanci ƙarshen labarin injin da ya rasa baƙin mai ne har ya cije. Ƙwanƙwasa farkon wani labari ne daban, wanda idan ya daɗe yakan ƙare da karyewar gurbin ringi, ko ƙonewar gasket, ko rami a kan fistin.

Me ya sa injiniyoyi ke kusantar wannan haɗari? Domin gwargwadon matsi, gwargwadon aikin da ake tatsa daga kowane ɗigon mai. Injin tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bai kai ga matse cakuɗe sau 9 ba. Mazda MX-5 ta yanzu tana matse shi sau 13. Porsche 911 GT3 tana kai wa 13.3, tana kuma juyawa har sau 9,000 a minti. Injuna masu turbo suna bin wata hanyar zuwa wuri guda: suna cusa iska da ƙarfi tun kafin fistin ya fara hawa. Motar gudu, a taƙaice, mota ce da aka gina ta zauna a bakin ramin ƙwanƙwasa da gangan, kuma okten shi ne faɗin gaɓar da take tsaye a kai.

Ma'aunin kansa yana nuna cewa babu ruwansa da ƙarfi. Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Graham Edgar, ne ya shimfiɗa shi a 1927. Ya ɗauki ruwa biyu masu kama da juna a yawan makamashi: iso-okten, mai tsananin jure matsi, ya ba shi 100, da hepten, mai saurin fashewa, ya ba shi sifili. Fetur mai lamba 95 shi ne wanda, a cikin injin gwaji mai silinda ɗaya, ya fara ƙwanƙwasa daidai inda cakuɗen kashi 95 na farko da kashi 5 na biyu ke farawa. Iyakar ma'anar ke nan. Itanol yana da okten kimanin 108, amma litarsa tana ɗauke da kusan kashi biyu bisa uku ne na makamashin litar fetur. Iskar gas ta CNG, wadda ake ta mayar da motoci kanta a Najeriya, oktenta ya kai wajen 120, kuma duk direban da ya mayar da motarsa kanta ya san cewa jan motar ya ɗan ragu. Man dizal kuwa ya fi fetur makamashi a kowace lita, amma oktensa ƙasa yake warwas.

Da can, injin da aka ba man da bai kai buƙatarsa ba sai ya yi ta ƙwanƙwasa har ya lalace. Injin zamani yana da kunne. Akwai wata ƙaramar na'ura da aka ɗaure a jikinsa tana sauraron girgizar ƙarfe, da zarar ta ji alamar ƙwanƙwasa sai ta sanar da kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta ƙyastawar fulogi, idan da turbo ta rage cusa iska, wani lokaci ta ƙara zuba fetur domin sanyaya silinda. Injin ya tsira, amma da farashi: ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya fita da zafi fiye da kima. A nan ne 'yar gaskiyar take. Idan aka ba irin wannan mota man da aka tsara ta a kansa, kwamfutar tana mayar da lokacin ƙyastawa inda ya dace, direba ya ji motar ta farfaɗo. Abin da ya ji gaskiya ne. Sai dai ƙarfin da ya dawo na motar ne tun asali, wanda ƙaramin okten ya riƙe mata.

Kuma dawowar tana da iyaka. Akwai lokacin ƙyastawa mafi dacewa ga kowane inji a kowane yanayi. Da zarar an kai shi, gaggauta wuta fiye da haka asara ce, kuma kwamfutar ba za ta wuce taswirar da aka rubuta mata ba. Motar da aka tsara a kan 98, in an zuba mata 102, ba ta da inda za ta kai rarar.

Misali mafi bayyana shi ne Dodge Challenger SRT Demon ta 2018. A kan man alfarma na gidan mai a Amurka, mai lamba 91, tana ba da ƙarfin doki 808. A kan man tsere mai lamba 100, tana ba da 840. Amma zuba man kaɗai ba ya samar da wannan. Sai an cire kwamfutar injin an sa wata daban da kamfanin ke bayarwa cikin wani akwati na musamman, wanda ya sayar wa masu motar a kan dala ɗaya, sannan direba ya danna maɓalli ya shaida wa motar cewa man tsere ne a tanki. Lambobi tara na okten, da sabuwar kwamfuta, a motar da aka gina domin wannan kaɗai, sun sayi ƙarin kashi huɗu cikin ɗari. Haka abin ya kasance a sama tun 1940, lokacin da jiragen yaƙin Ingila samfurin Spitfire suka koma mai lamba 100 daga 87. Matuƙan sun samu ƙarin ƙarfi mai yawa, amma sai bayan da kanikawa suka gyara injunan domin su karɓi kusan ninkin matsin iskar da suke karɓa a da, na 'yan mintuna a lokacin artabu.

Ga motocin yau da kullum, ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwajin da ya dace a 2016. Ta zuba man alfarma a motocin da aka tsara domin man gama-gari, ba ta ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a ƙarfi, ko shan mai, ko hayaƙi. Ta kuma ƙiyasta cewa Amurkawa sun zubar da dala biliyan 2.1 cikin shekara guda a kan wannan al'ada. A 2017 ta gwada rukuni na tsakiya, wato motocin da littafinsu ya ce an fi son man alfarma amma ba dole ba. A matsakaici, ƙarfi ya ƙaru da kashi 1.4 cikin ɗari, tattalin mai da kashi 2.7, alhali farashin man ya ɗara da kashi 20 ko fiye. Ford Mustang GT tana cikin wannan rukuni: ƙarfin doki 460 da aka tallata ta da shi a 2018 an auna shi ne a kan 93, amma littafinta ya yarda da 87. Wanda ya sayi Mustang domin ya ji duka 460 ɗin yana da hujjar biyan kuɗin. Wanda ke zuwa ofis da ita cikin cunkoso ba shi da ita. Sannan akwai rukuni na uku, inda littafin ya ce dole ne, kamar yawancin Porsche da Ferrari da manyan motocin BMW M da Mercedes-AMG. A nan babu muhawara. Kunnen injin an yi shi ne domin ya ceci mota daga tanki ɗaya na man da bai kai ba, kuma shi kansa sai an fara ƙwanƙwasa yake ji.

Yawan matsi kaɗai ma ba ya nuna rukunin da mota take. Toyota Camry ta 2018 mai inji lita 2.5 tana matse cakuɗe sau 13, daidai da MX-5, amma tana shan man gama-gari lafiya lau, domin an tsara bawulolinta da sanyayarta da yadda take fesa mai ta yadda ba za ta kusanci ramin ba. Saboda haka ƙiyasin bakanike daga kallon inji ba ya maye gurbin abin da maƙeran suka rubuta.

Akwai wani tarko a lambar kanta, kuma shi ne ya fi shafar mai karatu a Abuja ko Kano ko Yamai. Duniya ba ta auna okten da mudu ɗaya. Turai da Afirka da yawancin Asiya suna amfani da RON, gwajin da ake yi a juyi 600 a minti. Akwai gwaji na biyu mai tsanani, MON, a juyi 900 da cakuɗe mai zafi, wanda ke ba da lamba ƙasa da ta farko da kimanin 8 zuwa 10. Amurka da Kanada suna haɗa biyun su raba biyu, su rubuta sakamakon a famfo. Don haka 87 ta Amurka ita ce kusan RON 91 ko 92, 91 ɗinsu RON 95 ce ko ɗan sama, 93 kuwa RON 98. Yanzu a ɗauki motar da aka sayo a gwanjo a Texas, ta sauka a Legas ko Kwatano, murfin tankinta na cewa 91 ne mafi ƙaranci. Fetur ɗin da ake sayarwa a Najeriya, bisa ƙa'ida, yana wajen RON 91, kuma mafi yawan gidajen mai iri ɗaya tak suke da shi, saɓanin Gana inda ake samun mai lamba 95. Mai motar ya ga 91 a murfi, ya ji 91 a ƙa'ida, ya ɗauka an yi daidai. Alhali motarsa tana shan abin da a can ake kira 87, lambobi huɗu ƙasa da iyakar da aka gindaya mata, kullum, ba dare ba rana.

Sai a ƙara yanayi. Iska mai zafi tana kusantar da ƙwanƙwasa, kuma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Motar da ta yi rabin sa'a a cunkoso da na'urar sanyi a kunne, duk ƙarfen da ke ƙarƙashin bonet ya ɗau zafi, sannan hanya ta buɗe direba ya taka ta har ƙasa, ta haɗa duk sharuɗɗan ƙwanƙwasa wuri guda. Tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, yana ɗan sassautawa saboda iskar can ba ta da kauri, dalilin da ya sa ake sayar da mai lamba 85 a tsaunukan Colorado. Amma sassaucin na injin da ba shi da turbo ne. Turbo yakan cike giɓin iskar ya mayar da matsalar.

A wannan giɓi ne kwalabe ke shigowa, kuma lissafi kaɗan ya isa a auna su. A ɗauki tanki mai lita 60 na RON 91, da kwalba mai mililita 300. Kwalbar rabin kashi ɗaya ce cikin ɗari na abin da ke tankin. Ko da a ce tsantsar toluwin ce a ciki, sinadarin da oktensa ya kai 120, wanda injunan Honda na tseren Formula 1 suka sha kashi 84 cikin ɗari na mansu da shi a 1988, za ta ɗaga tankin ne daga 91 zuwa kimanin 91.15. Domin a kai 95 ana buƙatar fiye da lita 8. Domin a kai 98, fiye da lita 14. Masu kwalaben sun san wannan, shi ya sa suke magana da maki. Idan kwalba ta ce tana ƙara maki biyar, a yaren kasuwar maki goma ne lamba ɗaya, don haka rabin lamba ake nufi: 91 ta zama 91.5. Ba ƙarya suka yi ba, amma sun dogara ga cewa mai saye ba zai tambaya ba.

Abin da ke ɗaga okten sosai da ɗan ƙanƙanin ma'auni sinadarai ne masu ƙarfe a cikinsu, kuma tarihinsu ba mai daɗi ba ne. A watan Disamba na 1921 Thomas Midgley, injiniya a General Motors, ya gano cewa ɗan digon wani sinadarin dalma yana kashe ƙwanƙwasa. An fara sayar da fetur mai dalma a 1923. A 1924 ma'aikata biyar suka mutu cikin hauka a matatar Standard Oil da ke Bayway a New Jersey, amma kasuwa ta ci gaba, har aka shafe rabin ƙarni ana fesa gubar dalma a titunan duniya, gubar da mutanen Zamfara suka ga abin da take yi wa ƙananan yara a 2010. Amurka ta haramta shi ga motocin titi a 1996, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka bar shi a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. Har yanzu man ƙananan jiragen sama mai lamba 100 yana ɗauke da dalma, kuma wanda ya samu hanyar zuba shi a motar zamani zai kashe na'urar auna iskar oksijin da matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, cikin ɗan lokaci.

Magajin dalma a kwalabe shi ne MMT, mai manganis, da danginsa masu baƙin ƙarfe. Suna aiki, kwalba mai ƙarfi tana iya ɗaga tanki da lamba ɗaya ko biyu. Amma ƙarfe ba ya ƙonewa ya ɓace. Yana zama toka mai launin jan ƙasa a kan fulogi, da na'urar oksijin, da cikin ramukan indomi, kuma littattafan motoci da yawa suna gargaɗi a kansa da sunansa. Ga wanda ya maƙale a hanya da tanki ɗaya, ko mai zuwa filin tsere na yini guda, cinikin yana iya zama da ma'ana. A matsayin abincin kullum, musayar wata ɓarna ce da wata. Barasar sinadari ma haka take. Metanol yana da okten sama da 100, amma shi ne aka samu ya yi yawa a fetur ɗin da aka shigo da shi Najeriya daga Antwerp a farkon 2022, wanda ya lalata motoci, aka janye shi daga kasuwa, layukan mai suka dawo Legas da Abuja. Yana cin roba da wasu ƙarafa, yana kuma jan ruwa. Babban okten bai hana wannan mai zama gurɓatacce ba.

Rukuni ɗaya na sinadaran ƙari ne ke da hujja mai ƙarfi, kuma ba ya alkawarin gudu: masu wanke datti. Fetur yana barin baƙin gawayi a kan bawulolin shiga, da bakin nozul, da cikin ɗakin ƙonewa. Wannan gawayi yana rage faɗin ɗakin, yana riƙe zafi, don haka injin da ya tsufa yakan buƙaci okten fiye da yadda ya buƙata yana sabo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta wajabta mafi ƙarancin sinadarin wanki a fetur tun 1995. Kamfanonin BMW da General Motors da Honda da Toyota suka ga bai isa ba, suka kafa ma'aunin Top Tier a 2004, kuma gwajin AAA na 2016 ya nuna man da ba shi da wannan shaida yana barin datti ninki 19 a kan bawuloli bayan tafiyar mil 4,000 a injin gwaji. Abin lura shi ne ƙa'idar ta wajabta sinadarin a kowane irin fetur da gidan mai ke sayarwa, mai arha da mai tsada, wato tsabta da okten abubuwa ne biyu da talla ce kawai ta aurar da su. Inda ba a da tabbacin abin da ke cikin famfo, balle jarkar 'yan bumburutu, kwalbar wanki mai sinadarin PEA jefi-jefi kuɗi ne da aka kashe a kan hanya. Ko ita ma tana da iyaka. Yawancin motocin gudu na yanzu suna fesa mai kai tsaye cikin silinda, don haka fetur ba ya taɓa bayan bawul, kuma abin da bai taɓa ba ba zai wanke shi ba. Wannan datti sai an buɗe an kankare, galibi da garin ɓawon gyaɗar Turawa da ake fesawa da iska.

Ga wanda ke shirin sayen irin wannan mota domin hawa a inda famfo ɗaya ne, tambayar okten tana zuwa ne kafin a biya kuɗi. Littafin motar yakan ba da lambobi biyu, wadda aka fi so da mafi ƙaranci, kuma ta biyun ce ke nuna ko motar za ta rayu a kan RON 91. Idan ta riga ta shigo kuma buƙatarta ta fi abin da ake samu, gyaran da ke da ma'ana shi ne wanda ba ya burge kowa: ƙwararre ya sake rubuta taswirar kwamfutar ya rage matsin turbo da gaggawar ƙyastawa, a kula da lagireto da fulogi, a daina taka mota har ƙasa tana kan babban giya a tsakiyar rana. Abin da ake yawan yi kuwa akasin haka ne. Ana sauko da taswirar ƙarin ƙarfi daga intanet a ɗora wa Golf GTI ko BMW 335i, taswirar da ke ƙara matsin turbo tana cinye ɗan sararin tsaron da maƙera suka bari. Irin waɗannan taswirori sukan zo da lakabin 91 ko 93, kuma da yawansu a Amurka aka rubuta su, da mudun Amurka.